Na Cire Amsa-Kuwwa Daga Muryarka, Yaya Bashar

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Yaya Bashar.

Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ya yalwata maka shi, ya haskaka. Ni ne Nafi'u. Na san takarda ba ta zuwa inda kake, shi ya sa na ajiye ta a shafina inda duk mai so zai leƙa. Akwai mutum ɗaya da nake so ya leƙa fiye da kowa, kuma na san zai leƙa, duk ramin da ya shige yana da waya a aljihu.

Gida lafiya, gwargwadon yadda gida kan yi lafiya bayan an cire masa ginshiƙi. Hadiza na cikin takaba, yaranka sun koma makaranta. Inna ta rame, amma tana cin abinci in an tsaya a kanta.

Yau kwana hamsin da ɗoriya da ka fita daga Mafara da safe a kan babur, jakar kayan aikinka a baya, za ka Dosara gyaran injin ban-ruwa. Wanda ya haɗa ka da aikin taubashinmu ne, ɗan Kawu. Ba zan kama sunansa ba, bakina ya fi ƙarfin sunan nan yanzu. Kai ka san shi fiye da kowa: tare aka yi muku kaciya, akushi ɗaya kuka ci, kuma ba ku taɓa haɗuwa a hanya ba tare da ɗayanku ya kira ɗaya bawansa ba. Ba ka isa Dosara ba. Da la'asar aka tsinci babur ɗinka a gefen hanya.

Kwana huɗu bayan haka saƙon murya ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba. Bai kai minti ɗaya ba. Muryarka ce, wannan ko kurma ya ji zai shaida, amma maganar ta dagule, kowace kalma na hawa kan 'yar'uwarta kamar mai magana a cikin rijiya. Abin da muka iya tsinta biyu ne, "Inna" da "haƙuri".

A ranar taubashinmu ya zo ya zauna a tsakar gida, ya dafa gwiwar Inna. Ban manta kalmominsa ba: "Gwaggo, ku bar mini wanga al'amari. Na san wanda ya san hanyar dajin." Shi ya riƙa kawo mana labari cewa kana can cikin daji bayan Maradun, a gindin itace, ana ba ka ruwa. Kuɗin fansar da aka nema ta hannunsa ya bi. Muka yi ta sa masa albarka. Bayan mako guda makiyaya suka tsinci gawarka a wata busasshiyar ƙorama wajen Ruwan Gizo. Da aka ɗauki makara shi ya riƙe ƙafa ɗaya ta gaba, kuma wallahi ya fi ni kuka.

Bayan addu'ar arba'in, da mutane suka watse, Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai da kake gyara muryar malamai, ba ka gyara mini ta ɗan'uwanka in ji mi ya ce?" Kunya ta kama ni. Tsoron saƙon nake yi, Yaya, tun ranar da aka binne ka ban sake taɓa shi ba.

Bari in yi maka bayanin aikina yau, tunda ba ka da halin katse ni. Da can ina farawa sai ka ce in tattara surutuna in kai wa Turawa, kai dai a ba ka inji mai shan fetur. Idan mutum ya yi magana a ɗaki, muryarsa kan tafi kai tsaye zuwa na'urar ɗauka. Amma wannan muryar kan bugi bango da rufi da daɓe ta dawo, ta sake bugawa ta sake dawowa, kowace a makare kaɗan, kowace ta fi ta gabanta rauni. Su ne ke taruwa su danne kalmar da ke biye. Ita ce amsa-kuwwar da ke ɓata mini karatun tafsiri duk azumi, musamman a sababbin masallatan nan da aka shafe da tayil har rabin bango. Manhajar da nake aiki da ita takan saurari abin da ya wuce ɗan ƙiftawar ido, ta ƙiyasta irin jelar da zai jawo a bayansa, sai ta zare jelar daga abin da ke zuwa. Haka take bi kaɗan-kaɗan, muryar ƙasa daban, ta sama daban, har maganar ta fito. In ka matsa mata da yawa murya ta koma ta gwangwani, in ka sassauta jelar ta rage. Sai da haƙuri da kunne.

Akwai kuma al'adata da ka fi yi wa dariya. Duk ɗakin da zan ɗauki karatu ko walima, kafin mutane su shigo nakan tsaya a tsakiya in tafa hannu sau ɗaya, in ɗauki yadda ɗakin ya amsa, in ajiye da sunan wurin. Kowane ɗaki da irin amsarsa, kuma in na san ta, gyaran yakan yi sauƙi. Kai ka laƙaba mini "injiniyan tafi", har yaran unguwa suka ɗauka. Ka ce ban da ni ba ka taɓa ganin wanda ke yi wa bango tafi ba tun bango bai yi rawar komai ba.

Yini biyu na yi a shago a kan saƙonka, na rufe ƙofa, na ce wa masu zuwa tura waƙa a waya ba na nan. Ran na biyu da hantsi ka fito. Muryarka ta fito tsaf, busasshiya, kamar ka sa baki a kunnena. Ka gaida Inna, ka ce ta yi haƙuri, lafiyarka lau. Ka ce Hadiza ta kula da karatun yara. Sannan ka ce, "Nafi'u, injin da ke bayan ƙofar shagona na gama shi, ka kai wa mai shi, yana da albasa a ƙasa." Kana hannun mutanen da za su kashe ka, kana tunanin albasar wani. Na cire iyafis daga kunne na kifa kai a tebur, na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Injin na kai shi, mai shi ya ce a gaishe da iyalinka.

To, a aikin nan in an tace murya akwai abin da ke saura, wato jelar da aka zare. Dusa nake ce mata, kuma sharewa nake yi ko saurare ba na yi. Ta wannan saƙon na kasa sharewa, don ko dusar muryarka ce. Na kunna ta don kawai in ƙara jin ka.

 Yaya, daji ba ya amsawa haka. Na sha ɗaukar murya a gona da bakin madatsar ruwa da filin Idi, murya takan tafi ne ba ta dawowa. Bukkar ciyawa ma haɗiye magana take yi. Abin da ke kunnena jela ce doguwa, irin ta ɗaki babba mai bangon siminti wanda babu komai a cikinsa, ga ƙarar kwanon rufi marar silin a samanta, ga wata 'yar karkarwa da kan faru in dogayen bango biyu suna kallon juna. Shekara nawa ina wannan aiki, amma tashin hankali ya toshe mini kunne har kwana arba'in ban tambayi kaina ba: wanda ke gindin itace, ina ya samo bango?

Na buɗe ma'ajiyar tafina. In ka ɗauki busasshiyar murya ka haɗa ta da tafin wani ɗaki, kwamfuta za ta fitar maka da yadda muryar za ta kasance da a ɗakin aka yi ta. Na riƙa sa ka ɗaki bayan ɗaki ina gwadawa da saƙon asali. Na sa ka a masallatai, na sa ka a azuzuwan Islamiyya, na sa ka a zauren wani Alhaji a Maradun. Wani jelarsa ta yi gajarta, wani ba shi da ƙarar kwano. Ba wanda nake zargi a lokacin, Allah ne shaidata, ɗaki kawai nake biɗa. Sai na zo kan wanda na rubuta wa "sabon sito, Bakura". Na kunna, na kunna na asali, na sake kunnawa. Na kasa bambance su.

Ka tuna siton. Na taubashinmu ne, wanda ya gina bara a bayan gari, can gefen gonakin shinkafa inda ba gida ko ɗaya. Ya yi walimar buɗewa, ya kira malamai, ni na kai lasifika kyauta don zumunci, kai kuma ka ja masa wayar janareto. Kana tsaye a bakin ƙofa lokacin da na yi tafin, har ka ce masa ya lura, bawansa ƙarami ya fara taɓuwa.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce wa kaina magini ɗaya kan gina sito goma da awo ɗaya, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Amma lokaci ba ya wajena. Shinkafar rani ta sunkuya, kuma da zarar an jibge buhuna a ciki za su shanye amsa-kuwwar, ɗakin ya koma wani ɗaki daban. Sai na kira taubashin namu na ce na sayi sabuwar sifika, ina son wuri mai faɗi in gwada ta. Ya yi dariya ya ce, "Taho mana, bawana, siton ai naku ne."

Da azahar na isa. Ya buɗe kwaɗo da hannunsa, yana ta tambayata jikin Gwaggo. Ciki wayam, an share tas, har da alamar an wanke daɓen da ruwa. Wa ke wanke daɓen sito ana gobe zuba shinkafa? Na ajiye sifikar a tsakiyar ɗaki, na sa waya a ɗauka, na kunna muryarka wadda na tace.

Ka ce, "Inna, ina gaishe ki." Ɗakin ya karɓa. Ya mayar maka da jelar da na yi yini biyu ina zarewa, da ƙarar kwanon, da karkarwar, komai ya koma mazauninsa. Saƙon nan da ya shigo wayata shi ne ya cika siton.

Ni ba ɗakin nake kallo ba, shi nake kallo. Duk wanda ya ji murya ta fito daga sifika, sifikar yake duba. Shi bai dube ta ba. Ya waiga da sauri ya dubi lungun da ke bayan ƙofa, inda aka kafa wani zoben ƙarfe a bango daidai gwiwa. Sai da ya ga ba kowa sannan ya juyo. Bai ce muryar wa ce wannan ba, bai ce Allah ya jiƙan Bashar ba. Cewa ya yi, "Kashe abin ga." Na bar shi ya kai ƙarshe, har wurin albasa.

Zan faɗa maka gaskiya, don ban saba ɓoye maka ba. Akwai guntun rodi jingine a bakin ƙofa, kuma idona ya daɗe a kansa. Ba tsoron Allah kaɗai ya riƙe hannuna ba, da ma in ce shi ne. Na ga rodi zai gama da shi cikin minti ɗaya, alhali kai kwana goma sha ɗaya ka yi a lungun nan kana jin takun ɗan'uwanka a waje. Ba na son ya huta da wuri. Ina so ya tsaya gaban alƙali a ɗaure, mutanen Bakura da Mafara cike da benci, a kunna masa muryarka. Ina so matarsa ta ji, surukansa su ji, waɗanda suka ci shinkafar walimarsa su ji. Ina so duk ɗakin da za a kulle shi ya zama na siminti marar komai, ya yi tari ya ji tarinsa ya dawo masa. Na naɗe wayoyina na fito, ko sallama ban yi masa ba.

Na san amsa-kuwwa ba ta kama sunan mutum. Ɗaki take nunawa, kuma ɗakin ma sai an auna an sake aunawa. Amma ɗakin yana da kwaɗo, kwaɗon yana da makulli ɗaya, kuma mai makullin shi ya rantse mana kana gindin itace. Ko shi ya ɗaure ka ko aron wuri ya bayar, ko kwaɗayi ne ko wata tsohuwar ƙullalliya da ban sani ba, wannan aikin masu bincike ne. Ni dalilinsa bai dame ni ba. Da ɗan gari akan ci gari, mun sha ji, ban dai taɓa zaton garin cikin ɗakin Inna yake ba.

Abin da ya rage shi ne Inna, kuma nan ne tsorona yake. Ka san gidanmu, in ta ce a bari an bari. Ni kuwa ba zan tsallake maganarta ba ko da zuciyata za ta fashe.

Kafin in isa gida taubashin namu ya riga ya kai wa Kawu labari cewa baƙin ciki ya taɓa mini kai, ina yawo da muryar mamaci ina tsorata mutane. Washegari da safe Kawu ya iso Mafara da dattawa biyu. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka ce in kawo abin da nake da shi. Na kunna musu uku a jere: saƙon asali, wanda na tace, da wanda na ɗauko a siton. Na faɗi maganar zoben ƙarfe da wankakken daɓe. Dattawan suka sunkuyar da kai. Kawu ya daɗe yana murza carbi, kuma na ga ya gane, uba ya san ɗansa. Amma da ya buɗe baki cewa ya yi, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ya tahi ya tahi. A bar wa Allah, a rufa wa zuri'a asiri." Ya juya ga Inna ya kira ta da sunan da kakarmu ke kiranta, ya ce su biyu kaɗai suka rage ciki ɗaya.

Haba Kawu. Da ka ce ba ka yarda ba, da na fi ganin girmanka.

 Inna ta sa aka kawo musu fura, suka sha, ta raka su har zaure. Na tabbata shi ke nan, an binne ka karo na biyu. Ranar ban ci abinci ba, kuma na yi mata fushin da ban taɓa yi ba, Allah ya yafe mini.

Yau da safe na fito zan tafi shago na same ta zaune a bakin ƙofa, ta sa hijabinta na zuwa unguwa, takalmi a ƙafa. Ta ce, "Ɗauko injin naka. Ina ne ake kai ƙara?"

Na goya ta a babur ɗinka. A ofishin aka ba ta kujera, ni na tsaya. Jami'in ya saurari muryoyin uku, ya sa na maimaita masa bayanin tafi har sau biyu, ya tura mutane su je su rufe siton kafin a zuba masa buhu ko ɗaya. Mutumin naka ya kashe waya tun jiya, an ce an ga ya hau mota. Ya tafi duk inda zai tafi, rana dubu ta ɓarawo.

Sai jami'in ya jawo takarda ya tambayi sunan mamacin. Na buɗe baki zan amsa, don kai ne ɗan farinta, kuma tun da aka haife ni ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yayanku". Ko ranar da aka kawo gawarka "yaron nan" ta ce. Ta ɗaga mini hannu na yi shiru. Ta dubi jami'in ta ce, "Bashar. Sunansa Bashar. Ni na haife shi." Ta ƙara faɗa a hankali, ba don jami'in ba, don ya riga ya rubuta. Sannan ta kama sunan ɗan ɗan'uwanta da na ubansa, ta dangwala yatsa a tawada ta danna.

Shekara arba'in da ɗaya ka yi a duniya ba ka ji wannan ba, Yaya. Wayata na aljihu, kuma ni da ke ɗaukar muryar kowa ban ɗauka ba. Shi ya sa na zauna na rubuta maka, don ka sani ta faɗa.

Ya Allah, ka jiƙan Bashar, ka sa ƙishin da ya sha a lungun nan ya zama sanadin shansa daga tafkin Manzonka, tsira da amincinka su tabbata a gare shi. Ka raya abin da ya bari, ka sanyaya zuciyar Hadiza, ka ƙara wa Inna ƙarfin ƙafa, don tafiyar kotu doguwa ce. Wanda ya ci amanarsa kuwa, da duk wanda ya taya shi, ya Allah ka hana su sukuni, ka toshe musu kowace hanya sai wadda za ta kai su gaban shari'a, ka tona su a duniya kafin lahira. Masu karantawa, kada wanda ya rubuto mini cewa in yi haƙuri in yafe. Ban yafe ba. Allah ya isa tsakaninmu da shi.

Ka huta lafiya, Yaya. Sauran aikin namu ne, ni da Inna.

Ƙanenka,
Nafi'u
Talata Mafara